Ku Tambaya Mu Amsa: "Faɗuwar Mets ta fi yi mini daɗi a kan nasarar Yankees"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ni ɗan zangon Kumasi ne, amma na daɗe a Bronx, cikin birnin New York, tuƙin tasi nake yi. A gida ban san wata ƙwallo ba sai ta ƙafa, Kotoko kuma nake bi. Da na zo nan sai Allah ya ajiye ni a wani gida kusa da filin wasan Yankees, kusancin da idan an yi bugu mai kyau da dare nakan ji ihun jama'a daga ɗakina kafin talabijin ta nuna. Tun ina tsaki har na fara tambayar fasinjoji dokokin wasan. Yau ga shi besbol ta shige mini rai, Yankees kuma ta zama tawa.

Matsalata ƙanin matata ne. A Queens yake zaune, shi kuma ɗan Mets ne na gani-kashe-ni, wato ɗaya ƙungiyar besbol ta birnin. Daren da aka ce tauraron ɗan wasanmu Juan Soto ya bar mu ya koma wurinsu, a Disambar 2024, saƙon murya ya turo mini, ko sallama babu, dariya ce zalla daga farko har ƙarshe. Bai tsaya nan ba, da ƙaramar salla sai ya kawo wa ɗana mai shekara tara rigar Mets mai lamba 22, lambar Soto, yaron kuma ya ƙi rabuwa da ita.

To ranar ƙarshe ta kakar 2025, da Miami ta ci Mets 4 da nema suka rasa gurbin shiga wasannin kofi, ina kan titi ina ji a rediyo. Wallahi sai da na faka mota na yi dariya har da hawaye. Bayan 'yan kwanaki Yankees ta fitar da Boston, wadda kowa ya sani ita ce babbar abokiyar gabarmu, amma daɗin da na ji bai kai rabin na faɗuwar Mets ba. Maiɗakina ta ce hassada ce, in nemi tsari. Abin ya fara damuna. Ba rukuninmu ɗaya da su ba, ba su taɓa hana mu kofi ba. Me ya sa nake jin haka? Kuma yaya zan yi da yaron nan?

Direban tasi, Bronx

AMSA

Wa alaikumus salam Malam direba. Gara tun da wuri ka san wanda ka kawo wa ƙara: ni ɗan Mets ne. A unguwar Corona ta Queens na zauna lokacin da nake Amurka, jirgi mai lamba 7 da ke bi ta filin Mets shi ne abin hawana, ranar wasa kuwa ko ba ka so sai an cika maka kunne. Don haka wannan dariya da ka faka mota ka yi, har da ni aka yi wa. Na yafe, zan kuma yi ƙoƙarin yi maka adalci.

Domin masu karatu na gida: manyan ƙungiyoyin besbol 30 ne, an raba su gida biyu, American League da National League. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, sannan zakarun gidajen biyu su haɗu a gasar World Series. Yankees tana gidan farko, filinta a Bronx. Mets tana na biyu, filinta a Queens. A cikin wasannin nan 162, huɗu ko shida kacal suke haɗuwa.

Ka ce ba su taɓa hana ku kofi ba, kuma gaskiyarka. Kafin 1997 ma ba su taɓa buga wasan da ke shiga lissafi a tsakaninsu ba. Sau ɗaya suka haɗu a World Series, a 2000, kuka ci huɗu muka ci ɗaya, kuka ɗaga kofin a tsohon filinmu na Shea muna kallo. Idan filin wasa za a duba, kai ba ka da abin riƙewa. Ashe ba daga fili abin ya taso ba.

Mutumin Boston yana can nesa, tafiyar kusan awa huɗu a mota. Idan suka ci ku, ka kashe talabijin ka kwanta, an wuce wurin. Ɗan Mets kuwa shi ne fasinjan da za ka ɗauka gobe da safe, shi ne mai gyara maka taya, shi ne wanda za ku tsaya sahu ɗaya ranar Juma'a. A wurinka ma abin ya fi haka, domin yana da ikon shigowa har falonka ya zauna yayarsa ta zuba masa abinci. Ranar da ka yi dariyar nan ba 'yan wasan da ke Miami kake gani ba. Saƙon muryar Disamba kake mayarwa, wanda ka yi wata tara yana yi maka yawo a kunne.

Shi ma ƙanin naka gadon wani haushi ya ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba. Da can New York ƙungiyoyi uku take da su: Yankees a Bronx, Giants a Manhattan, Dodgers a Brooklyn. Daga 1947 zuwa 1956 Yankees da Dodgers sun haɗu sau shida a World Series, Dodgers ta ci sau ɗaya tak, a 1955. Sai bayan kakar 1957 aka wayi gari Dodgers ta kwashe ta koma Los Angeles, Giants ta koma San Francisco. Magoya bayansu suka zama marayu, ga Yankees a gefe tana ta cin kofi, amma da yawansu suka ce gara zaman maraici da su tsallaka Bronx su tafa wa wadda ta yi shekaru tana sa su kuka. A 1962 aka kafa musu Mets, aka ɗauko shuɗin Dodgers da ruwan lemon Giants aka ɗinka riga. Tun ranar suna, ke nan, an raɗa wa ɗan Mets ƙin Yankees a kunne.

Farkon kuwa ba a cewa komai. A kakar farko Mets ta ci wasa 40, aka ci ta 120, a ƙarƙashin koci Casey Stengel, dattijon da Yankees ta sallama bayan kakar 1960 yana da shekara 70. A shekarar da Mets ke shan wannan kashi, Yankees ce ta ɗauki kofi. Har yau lissafin bai canza kama ba: ku kofi 27, mu biyu, na 1969 da na 1986.

Wannan rata ita ta ba ɗan Yankees wani makami da ya fi zagi zafi, wato raini. Ka tsokane shi, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi Boston ce damuwarsa, Mets ko tunaninta ba ya yi. Ni ban taɓa yarda da wannan magana ba. Marigayi George Steinbrenner, wanda ya sayi Yankees a 1973, an san shi da tayar da jijiyar wuya ko a wasan sada zumunta ne Mets ta ci shi, ba ya kuma son ya ga hotonsu a shafin baya na jaridun gari. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da filin Mets ya fi nasa cika, bai ji da daɗi ba. Daga baya sai ya bi taurarin 1986, Dwight Gooden da Darryl Strawberry, ya sa musu rigar Yankees, har Gooden ya yi masa wasan da babu wanda ya samu bugu ko ɗaya a kansa a 1996. Mutumin da ba ya tunaninka ba ya bin tsofaffin 'yan wasanka yana saye.

To sai zancen Soto, wanda a ganina nan ciwonka yake. Shekara ɗari Yankees ta yi ita ce ke miƙa hannu ta ɗauki na wasu: Babe Ruth daga Boston, Reggie Jackson, Alex Rodriguez. Kowa ya saba, har ana ganin haka duniya take. Soto ya zo muku a 2024, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 41, shi ne kuma ya yi bugun nan a Cleveland a zagaye na goma da ya kai ku World Series karon farko tun 2009. Yaro ɗan shekara 26, yana kan ganiyarsa. Rahotanni sun ce Yankees ta yi masa tayin dala miliyan 760 na shekara 16. Steve Cohen, attajirin da ya sayi Mets a 2020, ya ajiye miliyan 765 na shekara 15. Soto bai tafi Los Angeles ba, bai tafi Boston ba, gada kawai ya tsallaka. Da a ce wani gari mai nisa ya tafi, da ka yi tsaki mako ɗaya ka manta. Abin da ya tsaya maka a wuya shi ne maƙwabcin da kuka saba yi wa kallon talaka ya shigo kasuwa ya taya sama da ku, aka sallama masa.

Ka tuna ranar da ya dawo filinku a Mayun 2025 da rigar Mets. Ihu ya cika wuri, shi kuma ya cire hular kwano ya ɗaga musu yana murmushi. Da ya je ya tsaya a wurinsa na ɓangaren dama, 'yan kallon da ke bayansa suka miƙe suka juya masa ƙeya. Tun daga ranar zancen "ba ma tunaninsu" ya mutu murus, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai kuma Mets ta yi abin da ta saba. A tsakiyar Yuni babu ƙungiyar da ta kai ta yawan nasara a duk ƙasar, daga nan ta riƙa zamewa, ta ƙare da nasara 83 da faɗuwa 79, Cincinnati ta tafi da gurbin a ranar ƙarshe. Soto kansa bai gaza ba, 43 ya tsallakar. Abin da ka ji a cikin motar nan, Malam direba, ajiyar zuciya ce ta fito da siffar dariya. Ka ga kuɗin bai sayi komai ba tukuna, babba yana nan a babbansa, za ka kuma iya zuwa gidan suna a Queens ba tare da ka shiga kana sunkuyar da kai ba.

Batun hassada kuwa, malamai sun ce ita ce mutum ya so ni'imar da Allah ya yi wa wani ta gushe. Ban ga inda ka yi fatan ƙanin naka ya rasa aikinsa ko lafiyarsa ba. Kada ka manta kuma, a al'adarmu ƙanin mata abokin wasa ne. Ko da babu besbol a duniya, da ya samo abin tsokanarka, hularka ko tumbinka ko yadda kake tuƙi, kai ma da ka samo nasa, kamar dai yadda Bakano da Bazazzagi ba sa haɗuwa su rabu lami lafiya. Amma wasan yana da sharaɗi, mai bayarwa dole ya iya karɓa. Ga tambayar da ba ka amsa ba a wasiƙarka: kwana goma bayan dariyarka, Toronto ta zo har filinku ta fitar da ku. Na tabbata wayarka ta yi ƙara a daren nan. Ka ɗauka? Idan ka ɗauka ka bari ya yi dariyarsa ya more, lafiyarka ƙalau, ka gaya wa uwargida ta kwantar da hankalinta. Idan kuwa kashe wayar ka yi, ka yini kana cika kana batsewa, ka ƙi amsa gaisuwarsa a masallaci, to tana da hujja, ka saurare ta.

Na faɗi haka ne domin abin yakan wuce gona da iri. A Yulin 2000 Roger Clemens na Yankees ya jefi Mike Piazza na Mets da ƙwallo a ka, ya zube a wurin. Da suka sake haɗuwa a World Series, kulkin Piazza ya karye, ɓarin ya gangaro wurin Clemens, ya ɗauka ya wurga ta inda Piazza ke gudu. Tarar dala 50,000 aka ci Clemens. Wannan tsakanin 'yan wasa ke nan. Na 'yan kallo ya fi muni: a 2011, ranar buɗe kaka a Los Angeles, an lakaɗa wa wani mai goyon bayan Giants duka a wurin ajiye motoci har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, saboda rigar da ke jikinsa. Kai da ke ɗaukar mutane daga bakin fili da dare, wasu a buge, ka fi ni sanin lokacin da ya kamata a yi shiru a ƙara sautin rediyo.

Tunda na ce zan yi adalci, bari in ba ka guzuri, ko da yake kaina nake dabawa wuƙa. Idan ya sake turo dariya, tambaye shi labarin 12 ga Yunin 2009. Mets na gaba da 8 da 7 a filinku, zagaye na tara, saura mutum ɗaya a fitar a tashi. Alex Rodriguez ya buga, ƙwallo ta tashi sama sak, irin wadda ɗanka ma zai cafe, har shi Rodriguez ya doka kulkinsa a ƙasa don takaici. Luis Castillo na Mets ya bi ta yana ja da baya, yana karkacewa, ya ɗaga hannu ɗaya, ta faɗa cikin safar hannunsa ta sulluɓe. Mutum biyu suka zagayo gida, 9 da 8. A wani shagon aski nake a Roosevelt Avenue, wanzamin ya tsaya da inji a hannu yana ta ƙugi, rabin kan mutum a aske, aka rasa mai cewa uffan. Idan wannan bai ishe shi ba, tuna masa da 1 ga Yuli, ranar da Mets ke biyan Bobby Bonilla kusan dala miliyan 1.19 duk shekara har zuwa 2035, mutumin da rabonsa da buga musu wasa tun 1999.

Sai dai ka shirya, shi ma yana da nasa. Zai ce maka wasa na biyar na World Series ta 2024, kuna gaba da 5 da nema a gida, a zagaye na biyar Aaron Judge ya saki ƙwallon da ta zo masa hannu, mai jifa Gerrit Cole ya tsaya bai ruga ya tare tushen farko ba, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa ya taka, Dodgers ta farke duka biyar ta tafi da kofi. Kada ka musa, an yi.

Yanzu yaron. Ka ƙyale shi. Kawunsa ne ya ba shi rigar, kawu kuwa yana da haƙƙi a kan ɗan 'yar'uwarsa. Idan ka matsa, rigar za ta tashi daga kyautar salla ta koma hanyar nuna maka shi ma mutum ne, yaro ɗan shekara tara kuma ya fi ka lokacin yin taurin kai. Yarjejeniyar Soto idan ta kai ƙarshenta sai 2039, lokacin ɗanka yana da shekara 23, saboda haka gara ka saba da ganin lamba 22 a kan igiyar shanya.

Da ni ne kai, da kaina zan kai shi filin nasu, kada in bar wa kawu wannan lada. Ka zaɓi wasan tsakiyar mako da wata ƙungiyar daban, tikitin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ranar da ake karawa da ku. Ku hau jirgi mai lamba 4 daga titi na 161, ku sauka a Grand Central ku canza zuwa mai lamba 7, ya kai ku Willets Point. Ku shiga ta babbar ƙofa, zauren da aka sa wa sunan Jackie Robinson, akwai ƙatuwar lamba 42 shuɗiya, lambar rigarsa, a tsaye da yara ke ɗaukar hoto a jikinta. A nan ka gaya masa cewa wannan bawan Allah shi ne baƙar fata da ya karya shingen wariya a manyan ƙungiyoyi a 1947, da rigar Dodgers ta Brooklyn, kuma ƙungiyar babansa ba ta sa baƙar fata a fili ba sai a 1955, da Elston Howard. Ɗan Bahaushe da ke tasowa a Bronx ya kamata ya ji wannan daga bakin mahaifinsa. Sauran abin kallo kuwa, jiragen sama na LaGuardia za su riƙa wucewa a kanku, idan kuma ɗan Mets ya tsallakar da ƙwallo, wata ƙatuwar tuffa ja za ta taso daga bayan katanga. Yaron zai yi tsalle. Kai ba dole ba ne ka tafa, hularka ta Yankees ma ka je da ita, za ka tarar da irinka da yawa.

TAMBAYA

Malam, ɗana ya nace sai na saya masa hula mai NY. A kasuwar Sabon Gari na ga iri biyu, wata mai farin rubutu, wata shuɗiya mai rubutu ruwan lemo. Mai shagon ya ce mai ruwan lemon jabu ce. Haka ne?

Wata uwa, Kano

AMSA

Hajiya, mai shagon ya yi kuskure, ko kuma mai farin rubutun ce ta fi yi masa yawa a shago. Ƙungiyoyi biyu ne. Mai duhu da farin rubutu ta Yankees ce, shuɗiya mai ruwan lemo ta Mets ce, idan kika duba da kyau ma harufan ba iri ɗaya ba ne, na Mets suna da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe a bakinsu. Kamfanin New Era na garin Buffalo ne ke ɗinka wa 'yan wasan duka biyun. Launi shi kaɗai ba ya nuna jabu, domin tun 1996, da mai shirya fim Spike Lee ya nemi a yi masa jar hular Yankees, ake fitar da su kala-kala. Ɗinkin za ki duba: ki juya cikinta, idan zare na zazzagowa ko harufan sun karkace, ki rage kuɗi. Ki kuma tambayi yaron wacce abokansa ke sawa kafin ki biya, galibi mai farin rubutun suke nufi, ko da yake ni da za a bi tawa mai ruwan lemon za ki ɗauka.